Shaida, Sawu da Mararraba: Rarraba Kaya da Inji da Kalmomin da Hausa Ta Tanada

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda manyan gidajen aika saƙo na duniya suke rarraba ƙunshin kaya da inji, da kuma yadda suke sanin inda kowane ƙunshi yake tun daga barinsa hannun mai aikawa har isarsa ga mai karɓa. Za a yi bayanin ne ta hanyar kwatanta aikin injin da abin da aka saba gani a tashoshin mota da kasuwannin yammacin Jihar Kano, musamman ƙasar Gwarzo da Kabo. Dalilin zaɓen wannan hanya shi ne, malami ko mai fassara da aka ɗora wa bayanin irin wannan fasaha da Hausa yakan ga kamar harshen ba shi da kalmomin aikin, sai ya aro na Ingilishi ɗungurungum, ko kuwa ya jero jimla mai tsawon zango a inda kalma ɗaya za ta wadatar. Alhali kuwa akasarin kalmomin da ake bukata suna nan a bakin 'yan kamasho da 'yan dako da matan da ke aikin hatsi a tsakar gida.

2.0 Saƙo a Tasha

A ɗauki misalin ɗan kasuwa a Kantin Kwari da ke son aika kwalin atamfa ga ɗan'uwansa a Jama'a, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Gwarzo. Zai kai kwalin tashar da motocin Gwarzo suke lodi, ya rubuta sunan mai kaya da sunan gari da lambar waya a jikinsa, ya biya kuɗin saƙo, ya karɓi lambar direba. Yaron mota kuma ba ya jibga kaya yadda suka zo. Na Gwarzo, mai nisan kimanin kilomita 70 daga Kano, shi yake fara turawa can ciki, sa'an nan na Garo, sa'an nan na Rimin Gado a baki-baki, domin shi za a fara saukewa. Idan mota ta yi nisa, mai aikawa ya kira direba ya ji inda aka kai, ya sanar da mai jira.

A cikin wannan ɗan taƙaitaccen al'amari akwai ayyuka uku: an sa wa kaya shaida, an kasa su gwargwadon inda za su, an kuma bi sawunsu a hanya. Duk abin da inji yake yi a Amurka ko Jamus bai wuce waɗannan ba.

Sa wa kaya shaida tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Manomin da ya haɗa mota da maƙwabtansa zuwa kasuwa yakan shafa wa buhunansa fenti, ko ya ɗaura ƙyalle a kunnen buhu, ko ya yi wani irin ɗinki a bakinsa wanda shi kaɗai ya san shi. Fatauci ma a kan haka ya ginu tun zamanin da ayari ke kai kanwa Gwanja ya komo da huhunan goro. Amma lokacin da aka fara yin abin bisa tsari na hukuma shi ne zamanin gyaɗa. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa daga 1912, ta riƙa kwararowa daga karkara a kan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, wadda ta riƙa saye ta hannun wakilai masu lasin. Ana auna kowane buhu a sikeli, ma'aikatan duba amfanin gona su soka masa ƙarfe su zaro samfur, su yanke masa daraja, a sa masa alama, kana a jera shi a dala yana jiran tarago. Dala ɗaya takan ci buhu wajen 15,000. Abin lura ga mai nazarin harshe a nan shi ne, da Bakano ya ga wannan sabon tsibi na buhuna bai nemi sunansa daga bakin Bature ba. Ya ɗaga kai ya dubi Dutsen Dala, ya ba shi sunansa.

3.0 Cikin Gidan Rarraba Kaya

Tsarin da manyan kamfanonin saƙo suke bi shi ne tara kaya daga ko'ina a wuri ɗaya, a rarraba su, a sake watsa su. Kamfanin FedEx ya fara aiki da wannan tsari a birnin Memfis na Amurka ran 17 ga Afrilu, 1973, da ƙananan jirage 14 da suka kai ƙunshi 186 zuwa birane 25. Babban gidan kamfanin UPS da ke Luwibil a Jihar Kentaki yana iya rarraba ƙunshi sama da 400,000 a cikin sa'a guda, tsawon bel-bel ɗin da ke cikinsa kuwa, in an haɗa, ya kai kimanin kilomita 250, watau ya ninka tafiyar Kano zuwa Gwarzo fiye da sau uku. Kamfanin DHL shi ma ya buɗe irin wannan gida a Laifzig ta Jamus a 2008.

Kalmar bel ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa kai niƙa. Bambancin kawai shi ne, bel ɗin injin niƙa ƙarfin juyi yake ɗauka daga wannan ƙarfe zuwa wancan, shi kuwa wannan mai faɗi ne, a shimfiɗe yake, kaya ake ɗora masa yana tafiya da su. Wanda mutanen Kano suka fi sani shi ne na ɗakin karɓar kaya a Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano. Sai dai wancan ba ya rarraba kome. Zagayawa kawai yake yi da jakunkuna, masu kaya su ne ke tsaye suna tsintar nasu da ido. Shi ya sa alhazai, da yake jakarsu iri ɗaya ce, suke ɗaura mata ƙyallen atamfa a hannu, daidai yadda manomi ke yi wa buhunsa.

Bel mai rarrabawa aikinsa ya fi haka. Da farko ana sakin kaya a kansa ɗai-ɗai, da tazara tsakanin kowane ƙunshi da na bayansa. Ana samun tazarar ne ta hanyar jera gajerun bel-bel, na gaba ya fi na baya gudu, sai kayan da suka zo a cunkushe su ware da kansu. Wannan mataki yana da muhimmanci ƙwarai, domin idan ƙunshi biyu suka manne, inji ɗaya zai ɗauke su, ya aika da su wuri guda.

Daga nan ƙunshin ya ratsa ta wata rumfa da aka kewaye da kyamarori, sama da gefe, wani lokaci har ta ƙasa. Su ne ke karanta shaidar da aka liƙa masa, watau farar takarda mai baƙaƙen zane-zane a tsaye, wasu sirara wasu masu kauri. Kaurin zanen da faɗin farin da ke tsakani su ne ke wakiltar lambobi. Waɗansu Amurkawa biyu, Norman Woodland da Bernard Silver, su suka ƙago wannan dabara, aka ba su takardar mallakarta a 1952, amma sai ran 26 ga Yuni, 1974 aka fara sayar da kaya da ita a wani kanti a Jihar Ohayo, abin da aka saya kuwa cingam ne. A 1994 kamfanin Denso Wave na Japan ya fito da mai murabba'i, wadda ke ɗaukar bayani fiye da ta farko nesa ba kusa ba. A cikin rumfar dai ake auna nauyin ƙunshi da tsawonsa da faɗinsa ba tare da ya tsaya ba. Kwamfuta ta karɓi lambar, ta duba kundinta, ta yanke hukuncin ƙofar da zai fita.

A nan ne abin mamakin yake, kuma nan ne masu bayani suka fi tsallakewa. Inji sau ɗaya tak yake karanta shaidar ƙunshi. Da zarar ya fita daga rumfar, ba a sake duban rubutunsa. To yaya ake gane shi a cikin ɗaruruwan kwalaye masu kama da juna da ke gudun mita biyu zuwa uku a cikin daƙiƙa? Da ƙirge ake gane shi. A bakin rumfar akwai wata 'yar na'ura mai jefa siririn haske daga wannan gefe na bel zuwa wancan. Idan gaban ƙunshi ya tare hasken, sai kwamfuta ta rubuta cewa ƙunshi mai lamba kaza yana daidai wuri kaza. A jikin ƙarfen da ke juya bel kuma akwai wata na'urar da ke bugawa sau ɗaya duk sa'ad da bel ya gusa da ɗan taƙi. Alal misali, idan tana bugawa a kowace santimita, ƙofar da aka zaɓa wa ƙunshin kuma tana da nisan mita 40, to kwamfuta za ta ƙirga bugu 4,000, sa'an nan ta ba da umurni a ture duk abin da ke gaban ƙofar. Ba da agogo ake lissafin ba, saboda bel yana iya rage gudu ko ya tsaya cik, ƙirgen bugu kuwa yana tsayawa tare da shi.

Watau dai injin kamar makaho yake wanda ya haddace yawan takun da ke tsakanin ƙofar gidansa da bakin kasuwa. Muddin ba a gusar da kome ba, ba zai kuskure ba. Amma idan ƙunshi ya zame a kan bel, ko wani ma'aikaci ya ɗauke shi ya mayar a wani gurbi, lissafi ya rushe. Mafi muni, a tsarin da ke bin jeri kawai, ɓacewar ƙunshi ɗaya takan sa kowane na baya ya gaji ƙofar na gabansa, kamar mai jan carbi da ya tsallake ƙwaya ɗaya. Saboda haka ake dasa irin waɗannan idanu na haske a wurare da dama, kowanne yana tabbatar da cewa abin da aka zata zai iso ya iso a kan ƙa'ida. Wanda ya saɓa, sai a ɗauke shi a matsayin baƙo, a ƙi ture shi, ya zagayo a sake karanta shi.

Ture ƙunshin kansa iri-iri ne. Akwai hannun ƙarfe mai fitowa daga gefe. Akwai ƙananan takalma da ke zamewa a kan bel su raka kwali zuwa gefe a hankali. Akwai faranti mai karkacewa ya zubar da abin da ke kansa. Akwai kuma wanda kowane ƙunshi ke zaune a kan nasa ɗan ƙaramin bel da ke juyawa dama ko hagu. Kowanne aka yi amfani da shi, ƙunshin gangarawa yake yi ta wani kwararo zuwa buhu ko akwatin garin da za shi. Wanda takardarsa ta yage ko ta jiƙe kuwa, akwai layinsa dabam, a ƙarshensa mutum ne zaune yana karantawa da ido.

Kada a ɗauka wannan aiki ba ya ƙwacewa masu shi. Filin jirgin saman Denba a Amurka an jinkirta buɗe shi da wata 16, sai a 1995, saboda injin rarraba jakunkunansa ya riƙa yaga su yana kai su inda ba a aike shi ba. A 2005 aka haƙura da shi.

4.0 Bin Sawu

Bayanin da ya gabata ya shafi sanin inda ƙunshi yake a cikin gida ɗaya. Sanin inda yake tsakanin gari da gari wani abu ne dabam. Kowane ƙunshi yana da lambar da babu mai irinta, kuma duk zangon da ya sauka aka karanta shi, ana rubuta wuri da lokaci a kundi ɗaya wanda mai kaya zai iya dubawa ta wayarsa.

Gidajen waya na duniya, ciki har da NIPOST da aka kafa a 1985, suna bin tsarin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a Ban ta Suwizalan a 1874. Lambar tana da gurbi 13: haruffa biyu masu nuna irin saƙo, lambobi takwas, lamba ɗaya ta tabbatarwa, da haruffa biyu na ƙasar da ya fito, kamar NG ga Nijeriya. Ita lambar tabbatarwa ana samunta ne ta ninka lambobin takwas da 8, 6, 4, 2, 3, 5, 9 da 7 bi da bi. Idan lambobin su ne 12345678, jimla za ta zama 204. A raba da 11, saura 6. A cire 6 daga 11, a sami 5. Cikakkiyar lambar ke nan RR123456785NG. Idan kyamara ta karanta lamba ɗaya ba daidai ba, galibi lissafin ba zai fito ba, inji ya san ya yi tuntuɓe.

Kalmar bin sawu ta dace da wannan aiki dacewar da ta wuce yadda masu amfani da ita suke zato. Mai bin sawun saniyar da ta ɓace ba saniya yake gani ba, inda ta taka yake gani. Haka nan mai duba lambar saƙonsa: abin da ake nuna masa shi ne wuri na ƙarshe da aka karanta ƙunshin. Idan an rubuta masa Legas tun shekaranjiya, wataƙila kayan suna Legas, wataƙila kuma suna cikin mota sun wuce Zariya. Da za a fassara aikin da sa ido ko lura, kamar yadda akan ji wani lokaci, da an yi wa mai kaya alkawarin da injin bai ɗauka ba.

5.0 Kalmomin Aikin

Inda Ingilishi ke amfani da kalma ɗaya ga dukkan aikin rarrabawa, Hausa tana da jerin aikatau, kowanne da gurbinsa. Tantancewa ita ce gane abu a bambanta shi da waninsa, aikin kyamara da kwamfuta ke nan. Warewa ita ce fitar da ɗaya daga cikin taro, aikin hannun da ke turewa. Kasawa ita ce tara iri ɗaya kashi-kashi, yadda mai tumatir ke yi a kasuwar Getso, abin da ke faruwa ke nan a ƙarshen kwararo. Rarrabawa ta haɗe su duka. Tsincewa ta fi dacewa da mutumin da ke layin kayan da aka kasa karantawa. Su kuwa tankaɗe da rairaya da bakace, ko da yake sun shiga maganar yau da kullum da ma'anar bincike mai tsanani, ba su dace a nan ba, domin da girma ko nauyi suke raba abu. Kwali biyu masu girma ɗaya da nauyi ɗaya, wannan na iya zama na Sakkwato wancan na Maiduguri, rariya ba za ta raba su ba.

Wajen sunayen wurare da kayan aiki, ɗafa-goshin ma- ya riga ya yi rabin aikin. Gidan da kaya ke haɗuwa matattara ne. Inda ƙunshi ke rabuwa da babban bel mararraba ce, kalmar da kowane direba ya sani. Kwararon da yake bi ya sauka magangara ce. Na'urar da ke ƙirga gusawar bel ana iya kiranta maƙirgi, mai jefa haske kuma idon inji. Bel ɗin kansa a bar shi da sunansa, a ƙara masa bayani a ce bel ɗin dako, tun da aikin ɗan dako ya gada. Ƙoƙarin kiransa tabarma mai tafiya ko shimfiɗa mai motsi yana da daɗin ji a aji, amma da wuya makanike ya karɓa, shi da ya shekara talatin yana cewa bel.

Wadda ta fi wuya ita ce sunan takarda mai zane-zane. Tambari da hatimi suna nuna mai abu ko ikon hukuma ne, kuma iri ɗaya ake bugawa a kan abubuwa dubu. Alama ta yi faɗi da yawa. Shaida ce ta fi kusa, domin ita ce ke raba buhun wane da na wane. Saboda haka zanen shaida ya fi lambar zane-zane ma'ana, ko da yake bakin jama'a ne zai yanke hukunci, kamar yadda ya yanke a kan dala.

6.0 Inda Bel Ya Ƙare

Inji ba ya rarraba kaya sai da adireshin da ba ya ɗaukar fassara biyu. Amurka ta shigo da lambobin yanki na gidan waya a 1963 domin wannan bukata. Nijeriya ma tana da nata masu gurbi shida, na babban gidan waya na Kano shi ne 700001, amma kaɗan ne suke rubuta su, a karkara kuwa gidaje da yawa ba su da lamba, hanyoyi ba su da suna a rubuce. Sunan gari shi kaɗai ba ya isa. Akwai Jama'a a Gwarzo, akwai Jama'a a Sabon Garin Zariya, akwai Jama'a ta kudancin Kaduna wajen Kafanchan, ga kuma Jama'are a Bauchi ga mai gaggawar karatu. Sabon Birni mazaɓa ce a Gwarzo, ƙaramar hukuma ce kuma a Sakkwato. Ɗan kamasho ba ya ruɗewa da waɗannan, saboda ya san tashar da yake, ya san mai aikawa, sau da yawa ma ya san mai karɓa da mahaifinsa. Ilmin da kwamfuta ke ajiyewa a kundi, shi a kansa yake. Idan kaya suka salwanta kuma akwai wanda za a riƙe, domin amana aka ba shi hannu da hannu a gaban shugabannin tasha.

Bisa ga haka, ƙunshin da ya taso daga Gwanzhu ta ƙasar Sin zuwa Jama'a yana iya ratsa matattara biyu ko uku, a karanta shi sau goma, a ture shi a mararrabarsa cikin ƙiftawar ido. Da ya iso Kano sai zanen shaida ya daina amfani. Wani zai ɗauki alƙalami mai kauri ya rubuta suna da lambar waya a kan kwalin, ya kai shi tasha. Tun zuwan wayar hannu a 2001, lambar waya ita ce ta zama adireshin mutumin karkara na haƙiƙa. Direba zai kira in ya wuce Garo, a ce masa ya ajiye wajen mai shayin bakin tasha a Gwarzo, ɗan acaɓa ya ƙarasa da shi gida.